Kwana Goma Sha Biyu a Ɗakunan Karatun Masar: Abin da Aka Yi Alkawari da Abin da Na Samu

Tun da na dawo Birnin Kebbi daga Masar, abokan aiki huɗu sun same ni ɗaya bayan ɗaya suna tambaya ko su ma su fara tara kuɗi domin zagaye na gaba, kuma kowannensu a tsaitsaye na ba shi amsa, ko dai tsakanin kantocin littattafai ko a bakin masallaci bayan azahar. Maganar da ta ci mini albashin wata biyar ta fi ƙarfin amsar tsaitsaye, shi ya sa na ga ya dace in zauna in rubuta abin da na gani dalla-dalla. Shekarata goma sha huɗu ina aiki a laburaren wata kwaleji a nan jihar, mafi yawansu a sashen katalogi, wato inda ake rubuta bayanan littattafai a ba su lamba, kuma wannan ce fitata ta farko zuwa ƙasar waje da sunan aiki.

Wani kamfani mai zaman kansa da ke Abuja ne ya shirya tafiyar. Takardar tallarsa ta yi alkawarin kwana goma sha biyu tsakanin Alƙahira da Iskandariyya a ƙarshen watan Janairu, domin a dace da baje kolin littattafai na Alƙahira. A cikin kwanakin nan, an ce biyar na aikin hannu ne a kan adana tsofaffin rubuce-rubuce da shigar da su katalogi, sauran kuma na ziyarar manyan ɗakunan karatu da zama da ma'aikatansu, sannan a ƙarshe a ba da takardar shaida. Kuɗin ya ƙunshi jirgi da masauki da karin kumallo da mota da tafinta. Mu goma sha ɗaya muka tafi, daga Kebbi da Zamfara da Sakkwato da Kano da Kwara, huɗu daga cikinmu mata.

Ta fuskar takardu ba ni da abin cewa sai yabo. Biza ta fito a kan lokaci, an tuna mana da katin rigakafin shawara tun da sauran mako uku, kuma akwai wanda ya tarye mu a filin jirgin Alƙahira da tsakar dare ya kai mu masauki. Ɗakunan suna da tsabta, matan an ware musu hawa guda, sai dai ba wanda ya gargaɗe mu cewa sanyin Janairu a can ya fi hunturunmu shiga ƙashi, musamman a Iskandariyya inda ruwan sama ke haɗuwa da iskar teku. Duk mai niyyar zuwa ya tafi da rigar sanyi mai kauri.

Ziyararmu ta farko ita ce Darul Kutub, babban ɗakin karatun ƙasar Masar, wanda aka kafa a 1870 zamanin Khidiwi Isma'il bisa shawarar Ali Mubarak. Tsohon gininsa da ke Babul Khalƙ, wanda aka buɗe a 1904, shi ne bam ɗin da ya tashi a gaban hedikwatar 'yan sanda a Janairun 2014 ya yi wa ɓarna, aka shafe shekaru ana gyara. Na tsaya a gaban manyan Alƙur'anai na zamanin Mamluk, waɗanda shafinsu ɗaya ya fi faifan tuwo faɗi nesa ba kusa ba, na daɗe ban motsa ba. Amma a nan ne kuma na fara ganin raunin shirin. Tafintan da kamfanin ya ɗauko mana mai rakiyar 'yan yawon buɗe ido ne, mutum mai fara'a da sanin tarihin sarakuna, amma bai san sana'armu ba. Da wata abokiyar tafiya daga Gusau ta tambayi yadda ake auna danshi a cikin akwatunan gilashi, sai ya mayar da tambayar ta zama ko gilashin yana fashewa. Daga ranar nan wani malami a cikinmu da ya yi digirinsa na Larabci a Sakkwato ya karɓi tafinta, kuma shi ma kuɗinsa ya biya kamar kowa, bai zo don ya yi wa kamfani aiki ba.

Abin da ya sa ban yi da-na-sanin tafiyar ba shi ne kwana biyun da muka yi a wani ƙaramin ɗakin gyaran takardu mai zaman kansa, a hawa na uku na wani tsohon bene. Wata dattijiya ce mai wurin, wadda ta yi ritaya bayan ta shafe rayuwarta a wannan aiki, kowa na kiranta Ustaza. Ba ta yi mana lacca ba. Ta sa kowa ya wanke hannu ya shanya, ta ajiye wa kowannenmu yagaggiyar takarda da burushi mai laushi da wani ɗan ƙashi mai santsi na lallaɓa takarda, sannan ta kunna risho ta dafa sitacin alkama a gabanmu, tana juyawa har ya yi kauri ya yi sheƙi, ta tace shi, ta sirka da ruwa. Wannan shi ne gam ɗin, kuma dalilin zaɓensa shi ne duk ranar da aka so cire shi, ɗan danshi kawai yake bukata ya saki ba tare da ya ci takardar ba. Ana liƙa yagar ne da wata takardar Japan mai shara-shara, wadda ba a yanka ta da almakashi, sai dai a ja mata layi da ruwa a yage, domin zaren bakinta ya kwanta a jikin tsohuwar takardar ya ɓace. Na lalata uku kafin ta huɗu ta yi kyau, kuma Ustaza ba ta karɓa daga hannuna ta yi mini ba, sai dai ta riƙa nuna mini inda gam ya yi yawa.

Dole in faɗi dalilin da ya sa wannan ya taɓa ni fiye da sauran. A gidanmu da ke Gwandu akwai adakar ƙarfe guda biyu cike da littattafan kakanmu, suna hannun Baffana, kuma tun ina yaro nake ganin yadda yake fito da su ya kaɗe ƙura ya mayar. Shekaru takwas da suka wuce, da niyyar alheri, na ɗauki salatif na liƙe wasu shafuka da suka yage. Kafin tafiyar na ɗauki hotunansu a waya, na nuna wa Ustaza. Ta ƙara girman hoton, ta nuna mini yadda gam ɗin salatif ɗin ya riga ya ratsa takardar ya bar tabo ruwan ƙasa, ta ce robar za ta ɓamɓare wata rana amma tabon ba zai fita ba, kuma kada in kuskura in fizge shi domin zai tafi da tawada. Haka kuma ta hana mu rufe tsohuwar takarda da leda mai zafi irin ta masu shagon hoto, abin da na san ana yi wa takardun tarihi da yawa a garuruwanmu, ana ganin gata ne aka yi musu. Kunya ta kama ni ƙwarai, domin ni ne mai digiri a gidan, kuma hannuna ne ya yi ɓarnar da gara ba ta yi ba.

Da yamma ta ɗora wata takarda a kan faifan haske, sai ga jinjirin wata uku a jere a cikin jikinta. Wannan alama ce ta masana'antun takarda na arewa maso gabashin Italiya, waɗanda kayansu suka cika kasuwannin Masar a ƙarni na 19, kuma fatake suka riƙa ratsa Sahara da su ta Tarabulus da Masar zuwa ƙasar Hausa. Ta ce alamar ba ta ba da shekarar rubutu kai tsaye, amma tana taimaka wa mai katalogi ya ƙiyasta zamani idan marubuci bai sa kwanan wata ba. Daga nan maganar ta juya, ita ce ta koma mai tambaya. Ta saba da littattafan da aka ɗinke aka yi musu bango, mu kuwa namu warwatse suke, takarda bisa takarda, a cikin tadarishi da aka ɗaure da igiyar fata, sannan a sa a gafaka. Na bayyana mata cewa abin da ke riƙe da jerin shafukan shi ne kalmar nan da marubuci ke ajiyewa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba. Shawararta ita ce kada mu ɗinke su ko kusa, domin rashin ɗinkin yana cikin tarihinsu, sai dai a bi kalmomin nan a tabbatar da jeri, a sa lamba da fensir mai laushi a kusurwa, a ajiye kowane kundi a akwatin kwali marar asid.

Rana ta biyu ta katalogi ce, kuma a nan na ji ina cikin gonata. Wani malami da ya karanta sana'ar a Jami'ar Alƙahira, inda sashen laburare yake tun 1951, ya zauna da mu a kan tsarin Dewey na ba littattafai lamba bisa fanninsu. Duk wanda ya taɓa jera littattafan addini a laburarenmu ya san damuwar: tsarin da Melvil Dewey ya fitar a 1876 ya ba Kiristanci daga 220 har 280, ya cusa Musulunci gaba ɗaya, da tafsiri da hadisi da fiƙihu da sira da tasawwuf, a cikin 297, har lambar littafi ɗaya takan yi tsawon da ba ta shiga bayan bango. Larabawa sun daɗe da yi wa tsarin kwaskwarima, suka buɗe wa ilimin Musulunci fili tun daga 210, suka kuma ɗauko harshen Larabci daga 492.7 suka kai shi 410. Na tambaye shi inda Hausa take a nasu tsarin, ya yi murmushi ya ce wannan aikinmu ne ba nasu ba. Gaskiya ya faɗa. Har yau Hausa tana 493.72, adabinta yana 893.72, a can ƙuryar da ɗalibinmu ba ya kaiwa sai an raka shi.

Sai batun sunaye, wanda a ganina ya fi na lambobi muhimmanci. Na rubuta masa a allo yadda sunan mutum ɗaya yake zuwa a littattafan da ke kantarmu: Abdullahi ɗan Fodiyo, Abdullahi bn Fodiye, Abdullahi ibn Fudi, Abdullahin Gwandu. Idan mai katalogi bai tsayar da suna ɗaya ya ɗaure sauran a jikinsa ba, ɗalibin da ya nemi ɗaya a kwamfuta zai tashi da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da laburaren ya mallaka, ya tafi yana cewa babu. Ya nuna mana yadda ake gina rijistar sunaye a cikin Koha, manhajar nan ta kyauta da aka fara a New Zealand wadda laburare da yawa a Najeriya ke amfani da ita, da yadda tsarin MARC 21 na shigar da bayanan littafi a kwamfuta ke ba da damar rubuta suna da take da baƙaƙen Larabci a gefen na boko. Shekaru ina amfani da Koha ban taɓa buɗe wannan sashe ba. Da na nuna masa hoton wata waƙar ajami daga adakar Baffa, ya karanta basmala da salati, daga nan ya tsaya. Rubutunmu na Magariba ne, fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, harshen kuma Hausa ne ko Fulfulde. Ya ce da takardar nan za ta faɗa hannun wanda bai san yankinmu ba, abin da zai rubuta shi ne Larabci marar karantuwa.

Mun tafi Iskandariyya a jirgin ƙasa daga tashar Ramsis, tafiyar kusan awa uku. Sabon ɗakin karatun garin, wanda aka buɗe a Oktoban 2002 a kusa da inda ake jin tsohon ɗakin karatun Iskandariyya na zamanin da ya kasance, wani kamfanin zanen gini na Norway ne ya tsara shi kamar faifai mai karkata zuwa teku, bangonsa na dutsen Aswan an sassaƙa masa haruffan rubuce-rubucen duniya. Zauren karatun yana sauka hawa-hawa, yana ɗaukar masu karatu 2,000, tagogin rufinsa suna fuskantar arewa domin haske ya shigo ba tare da rana ta bugi littafi ba. An gina shi da wurin littafi miliyan takwas, kuma a 2010 Faransa ta ba shi kyautar littattafai 500,000. Duk wannan abin kallo ne, amma ba abin da zan iya ɗaukowa in kawo Kebbi. Inda na so a bar ni in yini shi ne sashen makafi mai sunan Taha Husain, marubucin nan da ya makance tun yana yaro kuma ya zama ministan ilimin Masar a 1950. Na ga matasa sanye da abin saurare a kunne, kwamfuta tana karanta musu shafi. A kwalejinmu akwai ɗalibai makafi, kuma ban taɓa ganin ɗayansu ya shigo laburare ba, ban kuma taɓa tambayar kaina dalili ba. Jadawalin kamfanin minti ashirin ya ba wannan sashe.

Zaman da aka yi a kan hanyoyin ci gaba a sana'a ya yi amfani, ko da yake dare ɗaya ne bayan isha'i, kowa a gajiye. Ma'aikata huɗu suka zo daga wurare daban-daban. Ɗaya digirinta na kimiyyar sinadarai ne, aikinta gwada tawada da takarda. Ɗaya mai ɗaukar hoton littattafai ne da na'ura, ɗaya mai kula da sashen yara, ɗaya kuma aikinsa koya wa malaman jami'a amfani da rumbun mujallun ilimi na intanet da gwamnatin Masar ta buɗe wa 'yan ƙasa a 2016. A wurinmu matashin da ya gama karatun laburare a Zariya ko Kano hanya ɗaya yake hange, wato ya samu gurbi a jami'a ko kwaleji ya riƙa hawa matakala har ya kai shugaban laburare. Hanyar mai kyau ce, amma ba ita kaɗai ba ce, kuma na fito daga zaman nan da yaƙinin cewa matashin Kebbi ko Zamfara da ya haɗa karatun allo da digirin laburare yana riƙe da abin da babu a Alƙahira, domin shi ne zai iya karanta ajamin da malamin can ya tsaya a kansa, ya kuma san yadda ake shigar da shi katalogi.

Yanzu ga ƙorafina, kuma babba ne. Kwana biyar na aikin hannu aka sayar mana, biyu muka samu. Ranar da ya kamata mu koma wurin Ustaza sai aka wayi gari da mota a ƙofar masauki za a kai mu dalar Giza, washegari kuma kasuwar Khanul Khalili, rana ta uku aka ce hutu. Da muka matsa wa jami'in kamfanin, sai ya ce an samu saɓani a kan kuɗin haya, kuma a tafiye-tafiyen baya mutane sun fi son yawo. Ba na raina dala, amma ba ita na ciyo bashi domin in gani ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne takardar shaidar da aka raba mana a daren ƙarshe, wadda aka rubuta a kanta cewa mun kammala horon kwana biyar. Na ce masa, "Malam, ni ba zan kai wa hukumar makarantarmu takardar da ta faɗi abin da ban yi ba." Ya yi mamaki, ya ce babu wanda zai bincika. Mu uku muka mayar da namu, muka nemi a rubuta biyu.

Game da takardar ita kanta, kada kowa ya ruɗi kansa. Shaidar halarta ce kawai. Hukumar rajistar ma'aikatan laburare ta Najeriya, wadda dokar 1995 ta kafa, digiri take dubawa, kuma a jami'o'inmu ƙarin girman ma'aikacin laburare yana tafiya ne da babban digiri da maƙalun da ya wallafa, kamar na sauran malamai. Wanda ya je domin takarda ya yi asarar kuɗinsa.

Baje kolin littattafan, wanda ake yi tun 1969 kuma yanzu ya koma sabon fili a bayan gari, ya fi ƙarfin yini ɗaya da aka ba mu. Littattafan Larabci suna da araha idan aka kwatanta da kasuwar Sakkwato, amma kamfanin bai tanadi hanyar aiko da kaya ba, sai kowa ya tsaya a kan nauyin da jirgi ya yarda da shi. Na bar ƙamus mai juzu'i da yawa a kan teburin mai shi ina kallo.

Ga abokan aikina huɗu, amsata ita ce ku je, amma da sharaɗi. Kafin ku biya ko kwabo, ku nemi a rubuta muku yawan awannin aikin hannu da sunan wanda zai koyar, a kuma rubuta abin da za a mayar muku idan aka rage. Ku tambaya ko tafintan ya san aikin laburare. Ku tafi da hotunan matsalolin da ke kan kantarku, domin duk abin kirkin da na samo ya fito ne daga hotunan da ke wayata. Wanda bai taɓa leƙa Gidan Arewa a Kaduna ko cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato ba, ya fara da su, kuɗin mota kawai zai kashe, kuma zai isa Masar da tambayoyi a bakinsa. Sabon ma'aikacin da bai yi shekara uku a kan aiki ba, a ganina, gara ya sa kuɗin a digiri na biyu.

Kamfanin ya aiko mana da gyararriyar takarda bayan mako shida, amma har yau bai amsa wasiƙarmu ta neman kuɗin kwana ukun ba. Ni kuma ranar Asabar ta biyu da dawowata na tafi Gwandu da fensir da burushi da fitilar hannu. Baffa ya shimfiɗa tabarma a zaure ya buɗe adakar farko, na ɗaga takarda ɗaya na haska ta baya, sai ga jinjirin watan nan uku. Ya karɓa ya duba da kansa, ya juya ta, ya sake dubawa, ya ce shekara hamsin yana buɗe littafin nan bai san akwai wata a cikinsa ba. Zuwa yanzu mun jera kundi tara mun sa musu lamba, shi yana karanta kalmar ƙasan shafi ni ina neman abokiyarta, kuma adaka ta biyu ba mu taɓa ta ba tukuna.